Inshorar Lafiya ta 'Yan Kasuwa a Ƙasar Kafanchan: Tsadarta da Fa'idarta

Duk wanda ya san ƙasar nan da ta shimfiɗu daga gindin duwatsun Kagoro zuwa Kwoi, daga Zonkwa zuwa Gidan Waya da Godogodo, ya san mutanenta, Kiristansu da Musulminsu, ba sa gudun aikin wahala, ba sa kuma ƙyashin agaza wa maƙwabci. Amma duk da ƙwazon maigida da tattalin uwargida, akwai larura guda wadda in ta auku takan rushe tanadin shekaru cikin mako ɗaya, ita ce ciwo mai tsanani wanda ya fi ƙarfin mai kemis da ɗakin shan magani na ƙauye. Ran da aka ce mace ta kwana biyu a kan gwiwa sai an yi mata aiki, ko ɗan acaɓa ya faɗi ya karye a cinya, ko ƙodar dattijo ta gaza, ran nan ne ake kwance akuya daga turke, a kai alade kasuwar Katsit tun bai yi ƙiba ba, a tone citta tun ba ta ƙosa ba, in abin ya ci tura a jinginar da gonar gado. Sau da yawa majiyyaci yakan warke ya dawo, amma gidan ya yi shekaru bai murmure ba.

Ba Kudancin Kaduna kaɗai ke cikin wannan hali ba. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana nuna cewa cikin kowace naira 100 da ake kashewa wajen neman magani a Nijeriya, fiye da naira 70 daga aljihun majiyyaci da danginsa take fitowa, kuma a sa'ar da ciwo ya riga ya kama, sa'ar da mutum ba shi da zarafin tayawa balle ya ce a dakata masa sai kaka. Shugabannin ƙasashen Afirka sun hallara a Abuja cikin 2001 suka yi alkawarin keɓe kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu domin kiwon lafiya, amma har yau kasafin Gwamnatin Tarayya bai taɓa kusantar wannan miƙidari ba. Ganin haka ne kamfanonin inshorar lafiya, waɗanda aka fi sani da HMO, suka baza hajarsu, suna cewa: biya mu kaɗan tun kana da lafiya, mu biya maka da yawa ran da ka kwanta. Magana ce mai daɗin ji, kuma a asalinta gaskiya ce; abin da ya wajaba mai hankali ya bincika shi ne, nawa ne kaɗan ɗin, ina iyakar mai yawan, a wane asibiti kuma za a cika alkawarin.

Asalin al'amarin lissafi ne mai sauƙi. A ƙaddara mutum 1,000 sun yarda kowa ya zuba naira 30,000 a shekara. An tara naira miliyan 30 ke nan. Ba wanda ya san wa ciwo zai kama, domin wannan ilmin Allah ne, amma an sani bisa al'ada ba duka za su kwanta a shekara guda ba: da yawa ba za su taka ƙofar asibiti ba, wasu zazzaɓi zai kai su sau ɗaya ko biyu, 'yan ƙalilan ne za su bukaci tiyata ko doguwar jinya, kuma kuɗin masu lafiya shi zai ɗauki nauyin waɗannan 'yan ƙalilan. A nan ne inshora ta rabu da adashin da matanmu suka saba yi a kasuwa da majami'a, domin mai adashi ta san ranar kwasarta, abin da ta zuba kuma shi za ta ɗauka, alhali kuwa mai inshora, in shekara ta ƙare bai yi ciwo ba, ko kwabo ba za a mayar masa ba. Shi ya sa ake yawan jin mutane suna cewa, "Na biya shekara guda cur ban sha ko ƙwaya ɗaya ba, kuɗina ya tafi a banza." Ni kuwa ban ga ya tafi a banza ba, domin ya yi wa wani bawan Allah magani, mai shi kuma ya yi wata goma sha biyu da alkawari a hannunsa, sai dai a duba ko alkawarin mai cikuwa ne.

Tunanin ba sabo ba ne a Nijeriya. Tun 1962 Ministan Lafiya na wancan zamani, Dokta Moses Majekodunmi, ya kai wa majalisa shawarar kafa irin wannan tsari a Ikko, ba ta samu karɓuwa ba. Sai 1999 aka yi dokar kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, watau NHIS, sai kuma 2005, zamanin Shugaba Obasanjo, aka fara aiki da ita, ta kuwa tsaya galibi a kan ma'aikatan Gwamnatin Tarayya, inda rajistar mutum guda takan ɗauke shi da matarsa da 'ya'ya huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Cikin watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta sauya hukumar ta koma NHIA, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowane mazaunin Nijeriya. Wajabcin yana nan a takarda, amma masu rajista, bisa lissafin hukumar kanta, ba su wuce miliyan 20 da 'yan kai ba, a ƙasar da jama'arta ta haura miliyan 200.

Mutumin Kafanchan da ke son shiga a yau yana iya bi ta hukumar tarayya, wadda ban da ma'aikata ta buɗe wa kowa wani shiri mai suna GIFSHIP cikin 2020 a kan naira 15,000 kowane kai a shekara, farashin da yanzu ya haura naira 38,000. Yana iya bi ta hukumar jiha, watau KADCHMA, da aka kafa da dokar 2018 zamanin Gwamna Nasiru el-Rufa'i, wadda ke karɓar manoma da 'yan kasuwa a kan kuɗin da a shekarunta na farko bai kai naira 11,000 ba a shekara. Ta hannunta ne kuma ake yi wa matalauta rajista kyauta da kuɗin asusun da Dokar Lafiya ta 2014 ta tanada, wanda ake zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya. Sa'an nan ga 'yan kasuwa, irin su Hygeia da AXA Mansard da Avon da Reliance da Total Health Trust, waɗanda cibiyarsu ke Ikko, manyan abokan cinikinsu kuwa bankuna ne da kamfanonin waya da na mai. A Kafanchan in ka ga katinsu, galibi a hannun ma'aikacin banki ne, ko na wata ƙungiyar agaji, ko kuwa a hannun tsohuwa wadda ɗanta da ke Abuja ko Ingila ya saya mata domin ya rage wa kansa fargabar wayar tsakar dare.

To, nawa ne? Farashi yana sauyawa kowace shekara, amma tsarinsa ɗaya ne: ana jera shirye-shiryen hawa-hawa, na ƙasa a kan 'yan dubun-dubatar naira ga mutum guda, na tsakiya dubu ɗari ko fiye, na sama kuwa, wanda da shi ake shiga manyan asibitocin kuɗi na Abuja da Ikko, yakan kai dubu ɗari-ɗari har ya tasam ma miliyan. A ɗauka na ƙasan naira 40,000 ne. Magidanci mai mata da 'ya'ya huɗu zai nemi naira 240,000, galibi kuma a dunƙule ake so, alhali mafi ƙarancin albashi a Jihar Kaduna naira 72,000 ne a wata. Albashin fiye da wata uku ke nan, ba a ci ba, ba a sha ba, ba a biya kuɗin makaranta ba. Manomin citta a Kachia ko Jaba kuwa, wanda kuɗi ke zo masa sau ɗaya a shekara, lissafinsa ya fi wannan wuya. Kamfanin da ya saya wa ɗaruruwan ma'aikatansa a tare yakan samu rangwame da sharuɗɗa masu sauƙi. Mutum guda da ya zo da ƙafarsa shi ke biyan mafi tsada a kan mafi ƙuncin sharaɗi.

Dalilin haka kuwa shi ne, galibin 'yan Adam ba sa neman inshora sai sun ji alamar ciwo a jikinsu. Idan banki ya yi wa ma'aikatansa rajista gaba ɗaya, an haɗa mai lafiya da marar lafiya, yaro da babba. Amma idan aka ce kowa ya zo don kansa ran da ya ga dama, waɗanda za su riga kowa zuwa su ne mai cikin wata bakwai, da wanda likita ya riga ya ce masa ƙabarsa sai aiki, da mai tsohon hawan jini, sai asusu ya ƙare tun shekara ba ta raba ba. Saboda haka kamfani ke kare kansa da sharuɗɗa, kuma ban ga laifinsa a kan ainihin kariyar ba, domin ɗan kasuwa ne, ba gidan sadaka ya buɗe ba. Laifin da nake gani shi ne a karɓi kuɗin mutum a bar shi cikin jahilcin abin da ya saya.

Sharuɗɗan nan suna cikin takardar yarjejeniya, da Turanci, da ƙananan baƙaƙe, a shafukan da dillali bai cika buɗewa ba. Akwai haddi: kowane shiri yana da iyakar abin da za a kashe wa mutum a shekara, a cikin wannan iyaka kuma akwai ƙananan iyakoki, ta tiyata dabam, ta kwanan asibiti dabam, ta haihuwa dabam, har ta kai a ce wa mutum an ɗauke masa aikin ciki, amma in an zo biya a tarar kason tiyata bai kai rabin kuɗin aikin ba, sauran kuwa yana wuyansa. Akwai wa'adin jira, inda haihuwa ba ta shiga sai an yi wata tara ko shekara da rajista, tiyatar da ba ta gaggawa ba kuma sai bayan watanni. Mafi nauyi duka ita ce togaciya, domin wankin ƙoda, da ciwon daji, da dashen gaɓoɓi, da ciwon da mutum ya shigo da shi tun kafin rajista, galibin ƙananan shirye-shirye ko dai sun fid da su ɗungum, ko sun ba su ɗan kason da ba ya wuce 'yan makonni. Wanda ya haura shekara 60 ko 65 kuwa, sau da yawa akan ce ya nemi shirin tsofaffi, mai tsada ninkin ba ninkin. A ƙasar da amosanin jini, watau sikila, ya yawaita a gidaje, wajibi ne uba ya tambaya da bakinsa ko ɗansa mai wannan larura yana ciki, kada ya yi zato.

Idan aka auna waɗannan duka sai a ga wani abu mai tayar da hankali, shi ne ƙaramin shiri ya fi ƙarfi a inda iyali suka fi iya taimakon kansu, ya kuma fi rauni a inda suka fi bukatar agaji. Zazzaɓin cizon sauro, da gwajin taifot, da ƙarin ruwa na kwana ɗaya, waɗannan zai biya ba gardama, alhali su ne abin da magidanci zai iya fid da kuɗinsu ko da ƙyar. Amma ciwon da ke sa a sayar da gona, nan ne haddi da togaciya suke tsaye. Don haka nake gargaɗin duk mai niyyar saye ya auna shiri da ranar babbar larura, ya dubi dillali ya ce masa: "Malam, in matata ta bukaci aiki wajen haihuwa da daddare, nawa za ku biya, a wane asibiti, nawa kuma zai rage a kaina?" In amsar ba ta zo da adadi a rubuce ba, ciniki bai faɗa ba.

Ba ina nufin ɗauke ƙananan larurori ba shi da fa'ida ba. Yana da ita, har ma ta fi yadda ake zato. Uwar da ta san ba za a tambaye ta kuɗin kati da na gwaji ba takan kai yaro tun ran da jikinsa ya fara zafi, ba ta jiran sai ya shiɗe. Mai hawan jini ko ciwon suga wanda aka ɗauke wa kuɗin maganin wata-wata ba ya yanke sha ya ce sai Allah ya hore, yanke shan nan kuwa shi ne ke kai mutane ga shanyewar ɓarin jiki da gazawar ƙoda. An ga shaidar haka a Jihar Kwara, inda cikin 2007 kamfanin Hygeia da gwamnatin jihar da wani asusu na ƙasar Holan, tare da ƙungiyar PharmAccess, suka fara shiri domin manoman yankin Shonga: mutum ya biya naira 300 kacal a shekara, sauran kuɗin, wanda shi ne mafi yawa, masu tallafi su cika, aka kuma gyara asibitocin da za su karɓi jama'a. Masu binciken da suka bi sawun shirin sun tarar jinin masu hawan jini ya sauka, mata masu haihuwa a asibiti kuma sun ƙaru. Amma da tallafin ya yanke wajen 2016 sai shirin ya tsaya, domin naira 300 ba ita ce ainihin kuɗin maganin ba tun farko. Abin da na fahimta a nan shi ne, kamfani yana iya gudanar da aiki mai kyau a ƙauye, amma ba ya kai kansa can sai in wani ya biya wa talaka. Gana, da ta kafa nata tsarin cikin 2003, a kan wani ƙarin haraji ta ɗora shi. Amurka kuwa, wadda ta fi kowa dogara ga kamfanoni, tana kashe wajen kashi 17 cikin 100 na dukan abin da take samarwa a shekara a kan lafiya, duk da haka miliyoyin mutanenta ba su da inshora.

Akwai kuma ɓangaren asibiti, wanda masu kati suka fi kuka da shi, kuma adalci ne a san sababinsa kafin a yanke hukunci. A tsarin tarayya ana biyan asibiti wani ƙayyadadden kuɗi kowane wata a kan kowane mai rajista, ya zo ko bai zo ba, daga ciki za a yi masa ƙananan magunguna. Wannan kuɗi ya tsaya a naira 750 fiye da shekara goma, sai da aka yi ƙari cikin 2024 da 2025 ya kai naira 1,450. A tsakanin nan an janye tallafin man fetur cikin Mayu na 2023, darajar naira ta faɗi, kamfanin magani na GlaxoSmithKline ya sanar cikin Agusta na shekarar cewa zai naɗe harkarsa a Nijeriya, kuɗin magunguna da na man janareto suka yi tashin gwauron zabo. Kamfanonin 'yan kasuwa su ma suna da nasu jadawalin farashi, wanda suke biya bayan an yi aiki, wani lokaci bayan watanni. To, asibitin da ke sayen magani da farashin bana, a biya shi da farashin bara, a kuma jinkirta masa biyan, ba abin mamaki ba ne in ya fifita mai kuɗi a hannu, ya ce wa mai kati, "Wannan maganin babu, sai ka saya a waje."

Haka nan batun lamba. In likita ya ga ana bukatar hoto, ko tiyata, ko tura majiyyaci gaba, sai asibiti ya nemi izini daga kamfani a aiko da lambar amincewa; kafin ta zo majiyyaci yana kan benci, dangi suna zarya. Ƙorafi ya yi yawa har hukumar NHIA ta ba da umarni cikin 2025 cewa kada jiran lamba ya wuce sa'a guda, in kuwa larurar ta gaggawa ce a fara magani tukuna. Ya kamata kowane mai kati ya san da wannan umarni, ya kuma san yana da haƙƙin kai ƙara ga hukumar in an saɓa.

Amma mas'alar da ta fi shafar mutumin Kudancin Kaduna ita ce ta nisa, domin kati ba shi da amfani sai a asibitin da ya yarda da shi. Asibitocin da ke cikin jerin kamfanonin nan sun yi yawa a Ikko da Abuja da Fatakwal, akwai dama-dama a cikin garin Kaduna da Jos, amma in aka gangaro Jema'a da Kaura da Zangon Kataf da Sanga sai su zama 'yan ƙalilan. Kafanchan, wadda jirgin ƙasa ya raya tun wajen 1927 da ta zama mahaɗar layin Fatakwal da na Kaduna da na Jos, ta daɗe ita ce matattarar majiyyatan wannan yanki, babban asibitinta kuwa, wanda aka sa wa sunan marigayi Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa, shi ke karɓar abin da ya gagari ƙauyuka, tare da asibitocin mishan irin na St. Louis a Zonkwa da ƙananan asibitocin kuɗi na cikin gari. Abin da ya gagare su sai Jos, ko asibitin koyarwa na jami'a ko Jankwano, in ba haka ba sai Barau Dikko a Kaduna ko Shika a Zariya, tafiyar sa'o'i a kan hanyoyin da ba kullum ake bin su da kwanciyar rai ba. Kuɗin shatar mota, da abincin masu jinya, da wurin kwanansu, da neman masu ba da jini, da ranakun noma da suka wuce, duk waɗannan a aljihun dangi suke. Saboda haka ga mutumin Fadan Kagoma ko Manchok, shiri mai tsada wanda asibitinsa mafi kusa ke Abuja bai kai darajar shiri mai araha wanda asibitin garinsu ya san da shi ba. Cikin 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Kafanchan, gwamnatin jiha kuma ta miƙa mata asibitin Yakowa. In Allah ya sa aka wadata ta da ƙwararrun likitoci da kayan aiki, ita ce za ta ƙara wa kowane kati a yankin daraja, na tarayya da na jiha da na kamfani, fiye da duk rangwamen da wani dillali zai yi.

Ba zan wuce ba sai na taɓo shakkar da ke zukatan mutane ta fuskar addini, domin ita ma tana hana shiga. Malaman fiƙihu sun daɗe suna nazarin inshorar kasuwanci, suka ga a cikinta akwai garari, watau rashin tabbas, da kamannin caca, da juya dukiyar asusu a harkar kuɗin ruwa. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda cikin 1985, ta hukunta haramcin wannan nau'i, ta halatta inshorar taimakekeniya wadda aka gina a kan tabarru'i, inda abin da kowa ya zuba kyauta ce ga asusun jama'a, kamfani kuwa wakili ne mai karɓar ladan aikinsa. Wannan shi ne takaful, wanda aka kafa kamfaninsa na farko a Sudan cikin 1979, hukumar inshora ta Nijeriya, NAICOM, ta fid da ƙa'idojinsa cikin 2013, kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suka samu lasisi. Asalinsa ba baƙo ba ne ga ɗalibin littafin fiƙihu na Risala, wanda ya karanta yadda dangi ke haɗuwa su ɗauki diyyar kisan kuskure. Wasu malamai kuma sun yi rangwame a inshorar lafiya saboda larura, musamman in hukuma ce ta wajabta ko wurin aiki ya saya. A majami'u ma akan ji mai cewa yankar kati kiran ciwo ne, ko raunin bangaskiya. Amma mutanen da suka gina asibitocin mishan suka riƙe su da baiko ba su ɗauki tanadi kishiyar dogara ga Allah ba, kamar yadda Musulmi ya san tawakkali ba ya kore riƙon sababi.

To, wa ya dace ya saya? Wanda wurin aikinsa ya saya masa ya riƙe da kyau, ya karanta takardarsa, ya sa sunayen iyalinsa tun da wuri. Mai wadata da ke yawan zirga-zirga tsakanin Abuja da Kaduna, shirin kamfani na tsakiya ko na sama zai amfane shi ƙwarai. Ɗan da ke nesa yana son saya wa iyaye, kafin ya tura kuɗi ya aiki ɗan'uwa asibitin da aka ambata a jerin, a tambayi ma'ajin wurin ko har yanzu suna karɓar katin wannan kamfani, ko kuma ana biyansu a kan kari. Amma malamin firamare, da mai sayar da doya a kasuwar Kafanchan, da manomi, a ganina kuɗinsu ya fi albarka a shirin jiha ko na tarayya, wanda ya fi araha, asibitocinsa kuma sun fi kusa; dokar 2022 kanta ta ɗauki inshorar kamfani a matsayin ƙari ne bisa ta hukuma.

Ko ta wace hanya aka bi, shiga cikin taro ya fi shiga a ɗaiɗaice, kuma a nan Kudancin Kaduna tana da abin da wasu wurare ba su da shi. Ga Zumuntar Mata a kusan kowace ikilisiya, ga ƙungiyoyin raya gari masu rassa har Ikko, ga kwamitocin masallatai, ga ƙungiyoyin 'yan acaɓa da na manoman citta, ga Gidauniyar Fantsuam da ke Bayan Loco, wadda tun shekaru take ba mata ƙananan rance. Dukansu sun saba da tara kuɗi da riƙe littafi, sun san mai amana da marar amana. Ƙungiyar da ta je da mutum ɗari biyu ta kawar wa kamfani tsoron cewa marasa lafiya kaɗai za su zo, saboda haka tana da bakin neman a sassauta wa'adin jira, a ƙara kason tiyata da na haihuwa, a sa asibitin garinta cikin jeri, a kuma ɗora ranar biya a kan kaka, lokacin da buhunan citta ke fita kasuwa. Tana kuma da wanda zai karanta takarda ya fassara wa sauran da Hausa ko Tyap ko Jju, ya ɗaga waya ran da lamba ta ƙi zuwa. Sai dai akwai hatsari guda da annobar da ta cinye gonakin citta cikin 2023 ta bayyana: in amfanin gona ya lalace, duk 'yan ƙungiya suna gazawa a lokaci ɗaya, rajista ta faɗi, in an dawo kuma sau da yawa wa'adin jira ya sake somawa daga farko. Saboda haka ya kamata ƙungiya ta nemi a rubuta mata jinkirin wata biyu ko uku a cikin yarjejeniya, ta kuma ajiye wani abu daga shekarar da citta ta yi daraja. Matan da suka rasa mazansu, da marayu, da waɗanda hare-hare suka raba da ƙauyukansu, waɗanda ba su da gona balle kaka, nasu kuɗin yana wuyan ƙananan hukumomi da asusun marasa galihu da dokar 2022 ta ambata, sunayensu kuwa suna hannun masu unguwanni da fastoci da limamai in hukuma ta nema.